Bishop Ajayi Crowther, Yaron Da Aka Yi Musayarsa Da Doki

 Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a yau, wata magana ce da ta taso a gidana kwanakin baya. Ɗana na biyu ya dawo daga makaranta fuska a murtuke, ya jefar da jaka, ko abinci bai nema ba. Da na matsa masa, sai ya ce a darasin tarihi ne aka ba su labarin Bishop Ajayi Crowther, da malamin ya zo wurin da aka ce Fulani Musulmi ne suka kama shi suka sayar, sai 'yan ajin suka juyo gaba ɗaya suna kallonsa, domin shi kaɗai ne ɗan Arewa a cikinsu. Da aka fita tara kuma wani yaro ya ce masa ashe kakanninsa ne suka sayar da Bishop. Ya dube ni ya ce, "Baba, wai da gaske ne?"

Gaskiya na rasa abin da zan ce masa. Na daɗe ina zaune a Legas, kuma ba na iya ƙirga sau nawa na wuce ta gaban babban cocin nan na Marina, inda kabarin mutumin yake, amma abin da na sani game da shi bai wuce abin da kowa ya sani ba, wato shi ne baƙar fata na farko da ya zama Bishop a cocin Angilika. Sai na ce masa ya ba ni 'yan kwanaki. Abin da na tarar shi ne nake so in ba mai karatu, musamman 'yan uwana mazauna Kudu, waɗanda 'ya'yansu ke zama aji ɗaya da 'ya'yan masu masaukinmu.

An haifi Ajayi a wani gari mai suna Osogun, a ƙasar Oyo, wajajen shekarar 1809. A farkon 1821, yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, mayaƙa suka afka wa garin da safe, mata na cikin haɗa abin karin kumallo. Aka ƙone garin, aka kama shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, aka zarga musu igiya a wuya. Shi da kansa ya rubuta labarin a 1837, ya kuma faɗi ko su waye maharan: Yarbawan Oyo Musulmi, da Fulani, da bayin da suka gudu daga hannun iyayengijinsu suka shiga rundunar. To a nan ne abin ya taɓa ni. Waɗannan gudaddun bayi, da yawa daga cikinsu Hausawa ne. Daular Oyo ta daɗe tana sayen bayi daga Arewa, su ne masu kiwon dawaki da aski da tufkar igiya, kuma lokacin da Afonja na Ilori ya yi wa Alafin tawaye a 1817, ya haɗa kai da Malam Alimi, sai waɗannan bayi suka tsere suka bi shi. Wato mutanen da jiya suke cikin igiya, su ne yau suke zarga wa wani. Don haka amsar da na ba ɗana ita ce, e, akwai namu a ciki, ba zan ɓoye masa ba. Sai dai akwai Yarbawa a ciki, kuma waɗanda suka riƙa sayensa suna sayarwa daga kasuwa zuwa kasuwa har bakin teku, masu yarensa ne da maƙwabtansu.

An fara yin musayarsa da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka warware cinikin aka dawo da shi. Daga nan aka raba shi da mahaifiyarsa. An sayar da shi sau da yawa, wani lokacin ma da taba da giya aka biya kuɗinsa, har ya taɓa yunƙurin shaƙe kansa saboda tsoron kada ya faɗa hannun Turawan Fotugal. A ƙarshe hannun nasu ya faɗa, a nan Ikko, wato tsibirin da nake zuwa neman abinci kullum. A watan Afrilu na 1822 aka loda su a jirgi za a haye da su teku, sai jiragen sojan ruwan Ingila masu farautar masu fataucin bayi suka tare su tun ba su yi nisa ba. Ya ba da labarin cewa da aka shigar da su jirgin Ingilishi suka ga naman alade a rataye da tulin harsasan igwa, sai suka ɗauka naman 'yan uwansu ne da kawunansu. A watan Yuni aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo.

A can ya shiga hannun ƙungiyar mishan ta CMS. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, cikin 'yan watanni ya iya karatu. Aka yi masa baftisma a watan Disamba na 1825, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na farko a kwalejin Fourah Bay. Ya auri wata malamar makaranta wadda ita ma daga jirgin bayi aka ceto ta, sunanta Asano, wanda masana ke cewa Hassana ce aka lanƙwasa, domin asalinta Musulma ce. Sun yi kusan shekara hamsin tare.

Alaƙarsa da ƙasarmu ta fara ne a 1841, lokacin da gwamnatin Ingila ta turo jirage uku masu tururi su shiga kogin Kwara, da niyyar ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi a koma noman auduga da cinikin manja. CMS ta sa mutum biyu a tafiyar, Crowther da wani Bajamushe mai suna Schön. Daga baya Crowther ya duƙufa kan Yarbanci, Schön kuma ya ɗauki Hausa. Tafiyar ta zama masifa, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da arba'in, gonar gwajin da aka buɗe a Lakwaja ta watse. To amma daga wannan tafiya ne Schön ya fitar da littafinsa na kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya yi nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, wanda a ciki akwai labarin Dorugu, yaron nan Bahaushe da Barth ya tafi da shi Turai. Duk mai rubuta Hausa da boko, kamar yadda nake yi yanzu, ya sani cewa wani zare na tarihin rubutunsa ya bi ta cikin wannan jirgi da Ajayi yake ciki.

Darasin da CMS ta ɗauka daga mace-macen 1841 shi ne, Bature ba zai iya wannan aiki ba, sai ɗan ƙasa. Aka kira Crowther Landan aka naɗa shi limamin coci a 1843. A 1845 ya sauka Badagiri tare da Henry Townsend da wani Bajamushe, a 1846 suka shiga Abekuta. A can ne, bayan shekara ashirin da biyar, ya haɗu da mahaifiyarsa Afala. Mai karatu, ko da wane addini kake yi, ka tsaya ka yi tunanin wannan haɗuwa. Ta rabu da yaro da igiya a wuya, ta tarar da magidanci mai 'ya'ya. Ta karɓi addininsa a 1848 aka sa mata suna Hannatu, ta kuma rayu har 1883.

Ba zan ɓoye wani abu da bai kwanta mini ba. A 1851 Crowther ya je Ingila, ya gana da Sarauniya Biktoriya da mijinta, ya karanta musu addu'a da Yarbanci, ya kuma gana da ministan harkokin waje Palmerston, ya bayyana masa irin ɓarnar da cinikin bayin Legas ke yi a ƙarƙashin Sarki Kosoko. A watan Disamba na shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka tsige Kosoko suka ɗora Akitoye, shekara goma bayan haka kuma suka haɗiye garin gaba ɗaya. Ba na cewa shi ya jawo mulkin mallaka, Turawa suna da nasu lissafin tun kafin ya buɗe baki. Amma ya yarda da su, yarda irin ta wanda aka ciro daga cikin jirgin bayi, kuma wa zai ga laifinsa? Ita wannan yarda ce ta zo ta cije shi a ƙarshen rayuwarsa.

A 1854 ya sake shiga kogi tare da Dakta Baikie, suka hau Binuwai da nisa. A wannan karon an riƙa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A 1857 suka koma da wani jirgi mai suna Dayspring, ya sauke J. C. Taylor, ɗan asalin ƙabilar Ibo daga Saliyo, a Anacha ya buɗe mishan, shi kuma ya wuce gaba da burin ya kai Sakkwato. Jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya nutse. Maimakon ya zauna yana jimami, sai ya yi amfani da watannin da suka maƙale a bakin kogi yana koyon Nufanci, yana kai da komo zuwa Raba, yana hira da fatake. A 1860 ya buga littafin koyon karatu da Nufanci, a 1864 ya fitar da nahawu da ƙamus ɗinsa. Mutum ne mai tsananin son harshe, duk inda ya zauna yana tsintar kalmomi da karin magana daga bakin tsofaffi. A 1862 gobara ta cinye gidansa na Legas da takardun da ya yi shekaru yana tarawa, ya sake farawa. A fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, wadda shi ne ginshiƙinta kuma aka kammala a 1884, da ya zo neman kalmar limamin coci bai ƙirƙiro sabuwa ba, sai ya ɗauki alufa, kalmar da Yarbawa ke kiran malamin Musulunci da ita. Har gobe maƙwabcina Kirista idan zai ce addu'a, adura yake cewa.

Sakataren CMS na wancan zamani, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa aikin ɗan mishan shi ne ya kafa coci, ya miƙa wa 'yan ƙasa su riƙe da kuɗinsu da shugabanninsu, shi kuma ya ƙara gaba. Shi ya dage sai an yi wa Crowther Bishop. Townsend, abokin tafiyarsa zuwa Abekuta, ya tsaya kai da fata cewa Bature ba zai zauna a ƙarƙashin baƙar fata ba, wai su kansu 'yan ƙasa ba za su girmama shi ba. Crowther kansa ya yi ta nonnoƙewa. A ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babban cocin Kantabari, jami'ar Okusfod ta ba shi digirin girmamawa, kuma cikin mahalarta har da Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin da ya ceto shi shekara arba'in da biyu da suka wuce. Sai dai an yi wa naɗin dabara. An ce shi ne Bishop na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya, kuma a aikace Turawan mishan na Legas da Abekuta da Ibadan ba su shiga ƙarƙashinsa ba. Wato Bayaraben da ya fi kowa sanin Yarbanci, an hana shi ƙasar Yarbawa, an ba shi bakin kogi, inda shi ma baƙo ne.

Wannan baƙunci shi ya kai shi fadar sarakunan Musulmi, kuma nan ne labarin ya fi ba ni sha'awa. Lakwaja, inda ya buɗe tasha da makaranta a 1865, makarantar da ake cewa ita ce firamare ta farko a Arewa, tana ƙarƙashin ikon Bida ne. Ba damar zama sai da yardar Etsu Masaba. Crowther ya riƙa zuwa Bida da tsaraba da saƙonnin gwamnatin Ingila. Kowa ya san abin da yake so a wurin ɗan uwansa. Masaba yana son jiragen 'yan kasuwa su riƙa zuwa, da bindigogi da albarushi, ga shi kuwa babban mai kai hare-haren kamun bayi ne. Crowther yana son a bar malamansa su zauna lafiya. Tsohon bawa yana zaune gaban mai kamun bayi suna gaisawa cikin mutunci, shekara da shekaru. Wani zai ce sassauci ya yi yawa. Ni dai na ga mutum ne da ya san ba shi da soja ko ɗaya, kuma ya san abin da rashin kariya ke jawowa, domin a 1867 wani basarake a yankin Ida mai suna Abokko ya kama shi da ɗansa Dandeson ya yi garkuwa da su yana neman kuɗin fansa, har wani jami'in Ingila ya rasa ransa da kibiya mai dafi wajen ƙwato su. Magajin Masaba, Umaru Majigi, shi ya ba shi wuri ya kafa tasha a tudun Kipo, tsallaken Egga.

A 1872 ya bi ta ƙasa daga Nufe zuwa Legas, ya yada zango a Ilori, garin da rundunar da ta ƙone Osogun ta fito. Sarki ya tara malamai a fada aka yi masa tambayoyi game da Annabi Isa. Bai zagi kowa ba, bai ce littafin kowa ƙarya ne ba. Duk tambayar da aka yi masa sai ya buɗe littafinsa ya karanta abin da ke ciki, ya fara da zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Maryamu, abin da ya san malaman ba za su yi musu a kai ba. Da aka nemi ya yi wa Sarki addu'a, sai ya ɗauko addu'ar da ake yi wa Sarauniya a cocinsu, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan mai mulkinta ake sawa. Aka rabu lafiya, ba wanda ya bar addininsa. Ya daɗe yana gargaɗin malamansa cewa gardama da zafin baki ba sa jawo Musulmi, yana kuma so su koyi Larabci. Ni Musulmi ne, kuma na san sarai abin da ya kawo shi shi ne ya raba mutane da addinin da nake bi. Amma idan na kwatanta zamansa a fadar Ilori da irin wa'azin lasifika da ake yi mana a unguwa, daga ɓangarorin biyu, sai in ji kunya ta kama ni.

Akwai kuma wata takarda da na so a ce malamin ɗana ya san da ita. A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Maliki na Bida ya aika wa Crowther wasiƙa ta hannun wani limamin mishan. Ba a kan addini ba, ba a kan bindiga ba, a kan barasa. Kamfanonin Turawa sun cika kogin da giyar kwalba mai arha, Etsu ya ce ta lalata masa ƙasa ta haukata mutanensa, ya hana sayar da ita, yana roƙon Bishop, wanda ya kira uba a gare su, ya kai kukansa ga Sarauniya a daina kawowa. Wasiƙar ta yi yawo a Ingila a hannun masu yaƙi da cinikin giya, da kalmar barasa a cikinta yadda muke faɗinta. Sarki Musulmi, jikan Malam Dendo, da ya rasa wanda zai kai masa ƙara sai ya tuna da Bishop. Ba a yi wa wanda ba a amince da shi ba irin wannan aike.

To amma aikin nasa yana da rauni, kuma bai kamata a rufe ba. Tashoshinsa sun bazu daga Bonny da Brass a bakin teku har ƙasar Nufe, shi kuma gidansa na Legas, yana kai ziyara ne idan ruwa ya kawo kuma jirgin 'yan kasuwa ya yarda ya ɗauke shi. Sai a 1878 mishan ta samu jirginta, aka kuma damƙa shi a hannun Bature. Ma'aikatansa yawancinsu 'yan Saliyo ne masu ƙaramin albashi, wasu suka shiga kasuwanci, wasu shaye-shaye da neman mata. Mafi muni, a 1877 wasu ma'aikata biyu da ke da alaƙa da mishan a Anacha suka yi wa wata yarinya da aka fanso daga bauta dukan da ya kashe ta, ba a hukunta su ba sai bayan shekaru, maganar har ta kai majalisar Ingila. Crowther uba ne mai taushin hannu, ya fi son ya ja kunne ya sauya wa mutum wurin aiki da ya kore shi. A ƙasar Nufe kuwa, bayan duk wannan wahala, waɗanda suka bi shi 'yan kaɗan ne, yawanci bayin da aka fansa da baƙi. Inda aikin ya yi ƙarfi shi ne Bonny da Brass da Anacha.

Zamani kuma ya juya. Venn ya rasu a 1873. Kwinin ya sa Bature ya daina tsoron kogi. A 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke kogin suka zama ɗaya, wanda a 1886 ya zama kamfanin Royal Niger, kuma abin da ya fara yi shi ne ture 'yan kasuwa baƙar fata na Legas da Saliyo, cikinsu har da 'ya'yan Bishop. Abin da ya faru a kasuwa shi ya faru a coci. A 1880 aka turo wani Bature ya yi bincike, ya rubuta rahoto cike da zarge-zarge, aka karanta a Landan, amma waɗanda ake zargi ba a ba su damar ganinsa su kare kansu ba.

Sai 1890, da wasu samari 'yan jami'a suka iso daga Ingila. Jagororinsu Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson. Mu suka zo nema. Burinsu shi ne su kai bishara ƙasar Hausa, don haka da suka sauka Lakwaja suka sa riga da wando da rawani, suka duƙufa koyon Hausa, suka ce ba sa son kariyar gwamnatinsu. Ba na shakkar gaskiyar niyyarsu, domin sun ba da ransu a kai. Amma kafin su yi wa Bahaushe ɗaya wa'azi, sai suka juya kan cocin da suka tarar. Suka ce duk munafukai ne, suka riƙa soke sunayen mutane daga rajista, suka hana su jibin Ubangiji, suka rufe makarantar horar da malamai ta Lakwaja aka sayar da ginin. A watan Agusta na 1890 aka yi taron kwamitin kuɗi a Anacha. Bishop ne shugaban taro, yana da shekara tamanin ko fiye, amma sakataren kwamitin, wani matashi mai suna Eden, ya riƙa dakatar da limaman da Bishop ya naɗa da hannunsa, a gabansa, har da ɗansa Dandeson wanda yake babban limami. Brooke, wanda bai kai shekara talatin ba, ya riƙa ɗaga masa murya. Dattijon ya ce a rubuta musu zarge-zargen a ba mutane dama su amsa, aka ƙi. Sai ya ajiye shugabancin kwamitin. Kafin ƙura ta lafa, an kori ko an dakatar da mafi yawan ma'aikatansa.

Wasu daga cikin waɗanda aka kora sun cancanci kora, na riga na faɗa. Amma ba gyara aka zo yi ba, an zo ne a nuna cewa gwajin Venn ya faɗi, baƙar fata ba zai iya riƙe ragama ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kama Crowther a tsakiyar 1891, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba na shekarar. Robinson ya riga shi, ya mutu a Lakwaja a watan Yuni. Brooke ya bi su a watan Maris na 1892, shi ma a Lakwaja. Ba wanda ya ga Kano ko Sakkwato a cikinsu. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ta turo ɗan uwansa C. H. Robinson ya kai Kano a ƙarshen 1894, ya dawo ya rubuta ƙamus ɗin Hausa. A 1900 Bishop Tugwell ya ja ayari har Kano, cikinsu da Dakta Miller, ba tare da neman izini ba, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Ina ganin da Crowther ne, da ya fara aika gaisuwa da tsaraba ya jira amsa, ko da shekara za ta ɗauka. Miller ne daga baya ya zauna a Zariya, aikin da ya koma Wusasa a 1929.

Cocin Bonny da maƙwabtansa suka ƙi haƙura, a 1892 suka ɓalle suka riƙe kansu a ƙarƙashin Dandeson. CMS ta naɗa Bature a gurbin Crowther, baƙar fata kuma sai dai mataimaki, haka aka yi ta tafiya kusan shekara sittin, sai a farkon shekarun 1950 aka sake ba ɗan Najeriya cikakken Bishop mai yankinsa. Ɗaya daga cikin samarin 1890, Dobinson, ya rayu ya gane kurensa, ya fito fili ya nemi gafara. Shi kuwa cocin Ingila sai a 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin, Babban Bishop na Kantabari Justin Welby ya tsaya ya bayyana nadama kan abin da aka yi masa. Ko kabarinsa bai tsira ba. An binne shi a maƙabartar Ajele, a 1971 gwamnatin soja ta jihar Legas ta tashi maƙabartar don gina ofisoshi, daga baya aka mayar da ƙasusuwansa harabar cocin Marina. Jikansa ta wajen 'yarsa Abigail shi ne Herbert Macaulay, mai gashin bakin nan da ke jikin tsabar naira ɗaya, wanda ciwon ajali ya kama a Kano a 1946 yana rangadin neman 'yanci.

Ranar Asabar da ta wuce na zaunar da yaron na ba shi duk wannan, tun daga gudaddun bayin Oyo har wasiƙar Etsu Maliki. Ya yi shiru yana saurare, da na zo kan taron Anacha sai ya ce, "Baba, to me ya sa bai bar musu cocin ba gaba ɗaya?" Na ce ban da amsa, sai dai in ce su ne suka ciro shi daga jirgi, kuma har ya mutu bai iya ɗaga murya a kansu ba. Ya ce zai nemi malamin ya ba shi minti biyar ya yi wa ajin bayani. Na ce to, amma ya faɗi duka, har da na Hausawan da ke cikin rundunar. Ya ce shi dai wasiƙar barasa zai faɗa, da zaman fadar Ilori, sauran ai sun riga sun ji daga bakin malam. Mahaifiyarsa ta goyi bayansa. Har yanzu ba mu gama wannan gardama ba, ga shi ranar Laraba ce darasin.